Babban Yatsan Raliya

Raliya Issoufou shekararta talatin da shida, bazawara ce mai ɗiya ɗaya. Tana zaune a unguwar Lamordé, a hayin kogi, gidan mahaifinta, tsohon mai ɗaukar hoto da ya taso daga Maradi. A hannunsa ta koyi sana'a. Shekara huɗu ita ke ɗaukar hotunan shadda na Hamsatu, ƙawarta tun suna 'yan makaranta a lakkol, wadda ke da butik a unguwar Kalley, ƙetaren gada, tana kuma sayarwa ta intanet.

Aikin ƙarami ne a ido. A shafin butik ɗin, ƙarƙashin kowace shadda akwai ƙananan hotuna a jere, kowanne cikin farin firam, kowane launi da hotonsa: ruwan toka, ruwan goro, shuɗi, ruwan ƙwai. Mace tana Tahoua ko Zinder sai ta danna wanda ya kwanta mata, a sa mata a mota. Raliya ba ta ɗaukar hoto sai da hantsi, a inuwar katanga, kan farar takarda. A kusurwar kowane hoto kuma tana barin babban yatsanta ya danne bakin yadin. Mahaifinta ya koya mata haka: waya takan yi wa launi ƙarya, amma kowa ya san launin fatar mutum. In yatsa ya fito daidai, yadin ma daidai yake. Mata suka riƙe wannan, har sukan ce, "In da yatsan Raliya, saya ido rufe."

Bana, ana saura wata guda layya, zazzaɓi ya kwantar da ita mako uku. Sabon kaya ya iso butik, launi goma sha biyu. Hamsatu ta ce ta huta abinta.

Tana kwancen ne Tanti Hawwa, ƙanwar mahaifinta, ta kira daga Maradi. Za ta aurar da ɗiyarta, ana neman anko na mata ashirin da bakwai, ta ga wani ruwan goro a shafin.

"Ɗiyata, in saya?"

Raliya ta ɗauka cikin tsofaffin kaya ne, ba ta duba ba. "Da yatsana a hoton? To saya, Tanti."

Kwana biyar bayan haka saƙon murya ya shigo. "Raliya, wannan ruwan goro ne ko ruwan gulbi da damina? Na tara kuɗin mutane, na ce ɗiyar yayana ce ta tabbatar. Da wane ido zan kalle su?"

Raliya ta buɗe shafin, ta ƙara girman hoton. Yatsanta ne, har da tabon wuƙa a gefen farce, amma ya yi jajir kamar an tsoma shi a manja. A hoto na gaba kore ne. A na gaba shuɗi. Hoto ɗaya ne na bara aka rina sau goma sha biyu da waya.

Ta tari taksi ta haye gada, jiri na ɗibarta. Ta iske Hamsatu tana ninke shadda.

"Hamsatu, yaushe na zama hawainiya?"

Hamsatu ta yi dariya. "Haba ƙawata! Kina kwance, ga salla, ga kiliyan na jira su saya. Kowa haka yake yi yanzu."

"Ai da kin cire yatsan."

"In na cire, wa zai saya?" Ba ta ko ɗago kai ba.

Da a ce Hamsatu ta yi rantsuwa kuskure ne, da Raliya ta yarda. Amma Hamsatu ta san sarai abin da take sayarwa, kuma ba shadda ba ce. Raliya ta roƙi a sauke hotunan, Hamsatu ta ce ai na butik ne. Har yau suna nan.

Raliya ta aika saƙo ga duk matar da take da lambarta, ta ce hotunan bana ba nata ba ne. Wasu sun yi mata jaje, wasu sun karanta sun yi shiru. Tanti Hawwa ba ta ɗaukar waya, kuma biki saura mako biyu.

Ranar Talatar da ta wuce Raliya ta zaga babbar kasuwa rumfa-rumfa, ta yanko ƙyallen ruwan goro iri biyar, ta zuba a jaka don Tanti Hawwa ta zaɓa da idonta. Washegari ta hau motar Maradi ba tare da ta sanar da kowa a can ba.