Kwalaben Yaya Garba

Bana shekara arba'in da shida ke nan da rasuwar yayana Garba. Sau nawa ina ɗaukar biro in ajiye, domin ba zan iya ba da labarinsa ba sai na haɗa da laifina.

A ƙarshen shekarun 1970 ni tela ne a Taminus, shi kuwa yana kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata sakandare nan Jos. Mutum ne shiru-shiru, amma ka taɓo masa zancen jatan lande ka shiga uku, sai ka gama ɗinka riga bai kai aya ba. Wasu 'yan ƙanana yake bi, na cikin rafi, jikinsu garau har kana hango yashi ta cikinsu, shi ya sa yake ce musu 'yan fatalwa. Ran Asabar zai naɗe wando ya shiga rafin Farin Gada da rariya, wani makon kuma ya nufi wani rafi can wajen Tina.

A wurinmu duk jatan lande ne, suna ɗaya. Shi ya ce atafau iri biyu ne. Akwai wani ɗan tsinke a goshinsu mai haƙora kamar zarto. Na Tina sun fi yawan haƙora, ƙafarsu ta gaba kuma ta fi tsawo. Ya taɓa miƙo mini gilashin ƙara girma ya ce in ƙirga, na ce, "Haba Yaya, abin da ko miya ba zai yi ba?" Mama Obi, mai sayar da kirefish, wato busasshen jatan lande, kusa da shagona, ita kaɗai ke saurarensa. Takan leƙa ta ce, "Oga Garba, wannan ba ɗaya ba ne, ni ma na gani."

Shekara huɗu yana tarawa. Kowace kwalba da 'yar takardarta mai sunan rafin, a ciki kuma wani ruwan sinadari da ke hana su ruɓewa. Warin ruwan nan sak na giya. Wani masani a kudu da suke musayar wasiƙa ya ce shi dai iri ɗaya ya sani, sai fa in ya ga kwalaben da idonsa. Yaya ya sa na ɗinka masa jaka mai aljihu-aljihu don kada su fashe a mota. Bai kai ga aikawa ba zazzaɓi ya kayar da shi, kwana tara Allah ya karɓi abinsa.

Ran sadakar uku gida ya cika, aka buɗe ɗakinsa don baƙi. Kawu Isa, wan mahaifiyarmu, ya shiga ya fito ya ja ni gefe. Ya ce, "Kai Bala, warin me nake ji? So kake mutane su fita suna cewa Garba mashayi ne?" Wallahi na san ko mene ne, na sani sarai. Amma ga idon jama'a, ga gawa ko kwana huɗu ba ta yi a ƙasa ba. Na kwashe kwalaben na kai bakin kwata na juye su ɗaya bayan ɗaya. Har wanke su na yi, takardun suka saɓule a ruwa.

Bayan arba'in wasiƙar masanin ta iso, yana tambayar ina kwalaben. Ban ba shi amsa ba. Da na gaya wa Mama Obi, ta ɗora hannu a ka ta ce, "Bala, don me ba ka kawo mini na ajiye ba?" Shagonta ko minti goma bai kai ba daga gidanmu. Wannan tambaya har yau tana cina.

Na shiga rafukan da kaina, na kamo, na zura ido, ban ga komai ba sai jatan lande. Yanzu kam rafin Farin Gada leda ce da ruɓaɓɓen tumatir, na Tina gidaje sun hau kansa. Nakan ce da Yaya yana nan da me zai ce? Ina jin ba zai yi faɗa ba, wando zai naɗe ya je neman wani rafin. Jikokina suna ɗaukar hoton ƙuda da waya har ka ga gashin ƙafarsa. Da a zamaninsa ne, da ya huta da kwalba.

Tsofaffin unguwarmu da suka rage suna tuna shi da kirki da tsare salla, babu wanda ya taɓa jifansa da mugun suna. Wannan kam na tsare masa. Allah ya jiƙanka Yaya, ya sa ka huta. In an tambaye ni 'yan fatalwarka iri nawa ne, biyu nake cewa. In an ce ina hujja, babu ita, don da hannuna na zuba ta a kwata.