An Goge Muryarka Don Ƙwallo Ta Samu Wuri

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran mijin ƙanwata, wanda kowa ke kira Malam Kimiyya, bayan jinyar mako uku. Ni ban taɓa zama a aji ba, ko sunana ban iya rubutawa. Ɗiyata ta biyu ce ke riƙe da biro, kuma na ja mata kunne: abin da na faɗa shi za ta sa, kada ta gyara mini baki.

Malam, shekara arba'in da ɗaya ke nan da na ba ka ƙanwata, kuma ba mu taɓa rabuwa a zama ba tare da gardama ba. Kai ka yi shekara talatin kana koya wa 'ya'yan mutane yadda haske ke tafiya da abin da ke jawo abu ƙasa. Ni kuwa abin da na sani shi ne wa ya haifi wa, wa ya fara gini a layinmu, wace shekara ruwa ya ci gadar kasuwa. Kai kana ce mini Taska, ni ina ce maka Sarkin Musu.

Babbar gardamarmu ita ce ta guduma da ƙusa. Ka ce in an sake su tare daga saman bene, tare za su taɓa ƙasa. Na ce ko mahaukaci ya san mai nauyi shi ke riga isa. Ka hau, ka sake su. Ni kuwa na juya baya, na ce ba zan kalli rufa-ido ba. Shekara ashirin da bakwai kana ce mini, "Yaya, ka juyo kawai ka duba." Ban juyo ba.

Da ka bar aiki, ka kafa tebur a ɗakin ƙofar gida. Har yanzu ina jin ƙaurin dalma a hancina, ina ganin gwangwanayen madara cike da ƙananan ƙusoshi, da tabaraunka mai ɗaure da zare. Rediyo, fanka, dutsen guga, duk abin da aka fid da rai da shi, wurinka ake kawowa. Lokacin da matata take ciwonta na ƙarshe, ga zafi ga rashin wuta, ka haɗa mata fanka da batirin mota. Kullum da safe sai ka ɗauro wani batirin a bayan keke ka canja. Wata huɗu kana yi, ba ka taɓa bari na yi maka godiya ta kai ƙarshe ba. Sai ka katse ni da cewa, "Bar wannan, ka yarda da maganar guduma tukun?"

Abu ɗaya muka taɓa haɗa baki a kai, shi ne kayan zamanin nan. Za ka ɗaga waya ka ce, "Dubi, Yaya, an liƙe ta da gam don kada a buɗe. Wanda ya yi ta ba ya son a gyara, so yake a yar a sayi wata." Amma a kan wasannin nan na cikin waya da talabijin mun saɓa. Ni a wurina ƙazamin abu ne a ga ƙato da gemu ya duƙa yana gumi da manyan yatsu biyu, yana ihu wai ya ci ƙwallo, alhali ko ƙura ba ta taɓa ƙafarsa ba. Kai kuwa ka ce wanda ya haɗa wasan ya san lissafin yadda ƙwallo ke tashi da sauka. Na ce in ya iya lissafi haka, ya zo ya gyara mana famfon layi.

Shekara biyu da suka wuce ka zo mini da wata sabuwa. Ka ce za ka naɗi duk abin da ke kaina a wayarka. Na ce kaina ya ishe ni ajiya. Ka ce, "Kan naka ma ƙasa za ta ci." Haka muka riƙa zama kowace Asabar bayan la'asar, zama tamanin da shida, na ƙirga. Ina faɗi, kana tambaya, kana ƙaryata ni, kana wannan dariyar taka da ke ƙarewa da tari. Ni a zatona tawa muryar muke adanawa. Ashe taka ce.

Yanzu bari in gaya maka abin da aka yi a bayanka, don ban saba ɓoye maka ba. A wurin zaman gaisuwa na ga maza jere, kawuna a sunkuye. Na ce madalla, ana yi maka addu'a. Da na matsa sai na ga yatsu ne ke yawo a kan gilashi. Wani har ya saki "Kash!" da ƙarfi, na ɗauka kai ya tuna, ashe ƙwallo ya ɓarar. Tir! Na tattara tabarmata na koma gefe.

Wannan ma ƙarami ne. A kwana na tara ƙanwata ta ce, "Yaya, a kunna mini wayar nan in ji muryarsa ko sau ɗaya." Aka kira babban ɗanka, mai shekara arba'in, mai 'ya'ya uku, wanda wayar ta koma hannunsa. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Kawu, wurin ne ya cika. Sabon wasan yana da nauyi, sai na share tsofaffin abubuwa."

"Waɗanne tsofaffin abubuwa?"

"Wallahi ban duba ba, Kawu. Na zaci tarkace ne."

Tarkace. Zama tamanin da shida, da tarinka, da dariyarka, aka share da ɗan yatsa ɗaya don wasu mutanen ƙarya su samu filin guje-guje. An kai wayar wurin masu gyara uku, kowa ya ce an riga an taka wurin da wani abu, ba ta dawowa. Wanda zai ƙi yarda da "ba ta gyaruwa" kuwa mun kai shi makwancinsa. Ɗan naka kuwa, uwarsa ba ta zage shi ba. Ta dai juya fuskarta bango, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Kwana shida ban amsa gaisuwarsa ba. A na bakwai ya zo ya durƙusa, idanu jawur, ya ce, "Kawu, yanzu ko yadda Baba ke kiran sunana na fara kasa tunawa." Nan fushina ya sauka. Na ce ya ɗauko gudumarka da ƙusa ɗaya daga gwangwani, ya hau bene. Na tsaya a tsakar gida, na maƙale murya kamar taka, na ɗaga yatsa yadda kake yi, na faɗa masa maganarka kalma bayan kalma: "Ƙasa ba ta san mai nauyi ba, ba ta san marar nauyi ba, kowa kira ɗaya take yi masa." Na ƙara da tarin. Daga cikin ɗaki sai muka ji ƙanwata tana dariya tana kuka a haɗe, tana cewa, "Shi ne, wallahi shi ne!"

Ya sake su. A wannan karon ban juya baya ba, Malam. Tare suka sauka. Ka yi gaskiya. Shekara ashirin da bakwai kana jiran wannan kalma, ga ta nan, na sa an rubuta, tunda na makara da faɗa maka a kunne.

Yanzu ɗan naka yana zuwa kowace Asabar bayan la'asar. Ranar farko ya zaro waya zai naɗa. Na ce ya ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmansa. In faɗi, ya maimaita, har sai ya zauna masa. Mun gama zama uku, saura tamanin da uku, in ƙasa ta ɗaga mini ƙafa.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya ɗakin matata. Ina miƙa ta'aziyya ga ƙanwata, da 'ya'yanka biyar, da jikoki, da ɗalibanka duk inda suke. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya shiryi masu sunkuyar da kai, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.