Baba Sallau na Herwagana da Lambar da Na Toshe

Ranar Talata, 19 ga Agusta, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Sallau mai gyaran keken ɗinki a gidansa da ke Herwagana, a nan Gombe. An yi masa sutura bayan azahar. Kafin a dawo daga maƙabarta hotonsa ya cika wayoyinmu, kowa yana rubuta cewa uban baƙi ya tafi. Ni ma na rubuta. Abin da ban rubuta ba shi ne ina da hannu a abin da ya kai ka kabari, Baba, kuma yau zan faɗa da bakina, ko iyalinka su yafe mini ko kada su yafe.

A shekarar 2014 na zo Gombe daga Kaltungo neman aikin koyarwa, ban san kowa ba. Na zauna a kan benci a ƙofar shagonka da takarduna a leda, har la'asar ta yi sanyi. Ka ɗago daga keken da kake kwancewa ka ce, "Samari, wa kake jira?" Na ce ba kowa. Ka ce, "To ni kake jira." Ka sauke ni a gidanka, ba ka tambaye ni addinina ba, sai da na ce sunana Gilbert. Ranar Lahadi kai ka ƙwanƙwasa mini ƙofa, ka ce an buga ƙararrawa, ba a kwana a gidanka a tsallake ibada. Har bakin coci ka raka ni, ka koma bakin aikinka.

Dokar ɗakin baƙinka gajeriya ce. Kwana uku, tuwon matarka Inna Barira safe da dare, ba a karɓar ko sisi. Sharaɗi ɗaya ne: in ka koma garinku, ka ajiye tabarma guda domin wani matafiyi. Daga nan aka sami zauren WhatsApp da muka sa wa suna Tabarma Guda. Ɗalibai, masu hidimar ƙasa, ƙananan 'yan kasuwa, mun haura ɗari biyu daga Yola har Sakkwato. Mutum ya tashi da kuɗin mota kawai, ya je ya dawo bai taka otel ba. Kai ba ka taɓa kwana a tabarmar kowa ba, domin ba ka barin shago. Ni aka ba kula da zauren, ni ke sa mutum, ni ke cire shi, kuma na ji daɗin wannan ɗan mulkin fiye da yadda ya kamata.

Farkon watan Agusta ka sauki wani baƙo. Ya ci tuwonka kwana biyu, ka fita sallar la'asar, ya fita da wayarka. Ka hana Inna ta gaya wa kowa, wai kada mutane su ji su naɗe tabarminsu. Sati ɗaya bayan haka aka tura ka wani asibiti a Kano saboda tarin da ya ƙi barinka. Ka sayi ƙaramar waya da sabon layi, ka hau mota, ka ce wa Inna kada ta damu da masauki, kana da 'ya'ya goma sha bakwai a Kano. Lambobinsu duk sun tafi da tsohuwar waya. Lamba ɗaya ka haddace a ka, tawa.

Ina gida a Manawashi saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba: Baba Sallau ne, an sace wayata, ina tasha a Kano, ka sa ni a zaure. An biyo shi da saƙon murya, aka kira sau biyu. A farkon shekara 'yan damfara sun taɓa shigo mana da irin wannan salon, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ban ɗaga ba, ban saurari muryar ba. Sai na yi abin da na ɗauka wayo ne, na tura saƙo a tsohuwar lambarka na ce, Baba lafiya? Nan take aka amsa: "Lafiya lau ɗana, ina gida." Ɓarawon ne. Na gaskata ɓarawo, na toshe mai gida.

Ban tsaya nan ba. Na rubuta sabuwar lambarka a zaure, na ce ɗan damfara ne yake amfani da sunan Baba, kowa ya toshe. Aka yi ta yaba mini, wai Gilbert idonsa a buɗe yake. Tsakanin Manawashi da Herwagana minti goma ne a babur. Da na je na leƙa, da Inna ta gaya mini gaskiya. Amma rabona da ƙofar gidanka ya kai shekara, kullum ina cewa aiki ya yi yawa.

Da ƙyar wani direba ya samo maka lambar Bobbo, wanda ya kwana tara a ɗakinka lokacin jarrabawarsa, kai da kanka ka karya masa dokar kwana uku. Ka kira shi. Bai bari ka gama sallama ba ya ce maka tsohon banza, ka ji tsoron Allah, ya kashe. Shi ya ba ni labarin a maƙabarta yana kuka. Ban rarrashe shi ba, domin ni na sa masa zagin a baki.

Kwana huɗu ka yi a ƙarƙashin rumfar tasha kana jiran sakamakon gwaji, ruwan Agusta yana dukan ƙirjin da ka kai a duba. Ranar Asabar aka sauke ka a Gombe ba ka iya tsayuwa. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Naka ya faɗi, Baba, a gaban mutum ɗari biyu, kuma mu muka bi ta kai. Masu rubuta uban baƙi yanzu, ku daina, ihu ne bayan hari. Kowannenku ya danna abin da na danna.

Sai bayan an rufe ka na buɗe saƙon muryar. Kana tari a tsakanin kalmomi. Ka ce, "Gilbert, ni ne. In wurin yaran ya cika kada ka takura musu, ko zaure ne ya ishe ni. Ka gaida Millicent, ka ce ta kawo kekenta in na dawo." Matata kake nufi. Keken yana nan a kusurwar ɗaki, ba ya juyawa.

Ranar sadakar uku na durƙusa a gaban Inna Barira na faɗa mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce, "Har daren Litinin yana cewa wayarka ce ta lalace. Ya ce in ka zo in tambaye ka ko an gyara. Ashe lafiyarta ƙalau." Ta juya ga 'yarta ta ce, "Najeeba, rufe ɗakin baƙin nan, ki kawo mini makullin." Na ji ƙarar kwaɗon daga inda nake durƙushe. Shekara talatin ɗakin bai taɓa ganin kwaɗo ba, kuma ban da bakin da zan ce ta buɗe.

Allah ya jiƙanka, Baba Sallau, ya yi maka rahama, ya sauke ka a masaukin da ba a tambayar baƙo shaida kafin a buɗe masa. Allah ya ba Inna Barira da Najeeba da dukan dangi da mutanen Herwagana haƙurin wannan rashi, ya tsaya musu a bayanka. Ka tafi kana ba ni uzuri, Baba. Ba ni da shi.