Kwandon da Zai Ci Mutum

Babanmu ya shekara talatin yana saƙa kwanduna a zaure, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai sai farashi. Ƙanensa kuwa shekara uku kacal ya yi a makarantar tauhidi, ya dawo da tabarau da Helenanci, harshen Girkawa.

Wata Lahadi Baffa ya tashi wa'azi a majami'a. Ya ce kwanduna goma sha biyu da aka cika da ragowar gurasa bayan ciyar da taro a Littafi Mai Tsarki, sunansu da Helenanci kofinos, ƙananan kwandunan hannu. Bakwai ɗin da aka cika a ciyarwa ta biyu kuwa sifuris ne, manya, irin wanda aka taɓa zuro mutum a ciki ta kan ganuwa. Inna ta zunguri Baba ta ce, "Ka ji ilimi."

Ranar Baba bai ci abinci ba. "Mutumin da ko bakin kwando bai iya naɗewa ba," in ji shi.

Kwana tara ya yi yana saƙa wani ƙato. Da Baffa ya zo gaisuwa, ya tsaya yana shafa shi.

"Yaya, wannan na wane ne?"

Baba ya auna shi da ido. "Shiga mu gani ko Helenancin naka gaskiya ne."