Ƙyauren Kaka

Ƙanshin lalle da na katakon maɗaci ba su haɗa komai ba, amma a hancina 'yan ɗaki ɗaya ne. Ɗaya ɗanye-ɗanye kamar ƙasa bayan yayyafi, ɗayan kuma mai ɗan ɗaci a maƙogwaro. A tsakar gidanmu na Wudil suka haɗu, wata Juma'a da hantsi, ina zaune a tabarma hannuwa da ƙafafu cikin leda, Umma ta hana ni motsi sai lalle ya kama.

Ƙyauren yana jingine da bangon ɗakin da Baba ya gina wa Kaka, mahaifiyarsa. An daɗe ana lallashinta ta baro Lajawa ta dawo wurinmu, tana ƙi. Da iskar damina ta kayar da maɗacin bayan ɗakinta, sai ta aiko cewa za ta zo, amma sai in da itacen nan aka yi mata ƙofa. Ba ta faɗi dalili ba. Baba kafinta ne, ya sa aka tsaga itacen, sai aka tarar cikinsa duk kogo. Abin da ya samu bai wuce ƙyaure ɗaya ba. In wannan ya lalace babu wani, Kaka kuma ta ci gaba da zama ita kaɗai.

Saura a sa pata, ƙarfen da ƙyaure ke juyawa a kansa, da kuba ta kullewa, sai Baba ya faɗi a babur aka yi masa ɗori a hannun dama. Guduma ta gagare shi. Yayana, wanda ke karatu a jami'ar garinmu, ya aro wani ɗan inji mai rarake katako, wai shi rauta. Ya gwada a wani guntun falanki. Injin ya yi kuka kamar an taka jelar mage, ya ƙwace ya bi inda ya ga dama, ya bar wata hanya karkatacciya.

"To, injiniya," in ji Umma, "taswirar kogin Wudil ka zana mana?"

"Umma, hannuna ne bai saba ba."

"Ba a kan ƙyauren Inna zai saba ba," in ji Baba. Yana dariya, amma idonsa na kan ƙyauren.

Lokacin ne Umma ta zo kwance mini hannu. Ta kankare lallen, ta fara ɓare salatif ɗin da ta yanka ta manna mini tun asuba. Duk inda salatif ya rufe fata tana nan yadda take, duk inda aka bar taga ja ya zauna, gefensa a miƙe kamar an ja da rula. Ina ta juya tafina a rana, ina ganin kamar gari ne mai ƙananan tagogi an kunna fitila a cikinsu. Ban lura Baba ya tsaya a kaina ba.

"Ɗago hannun nan, 'yar Baba." Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya wajen Umma. "Ke ba kya bin lallen kina roƙonsa ya tsaya. Shinge kike masa."

"Yau ka sani, Malam? Shekara nawa ina yi a gabanka?"

Ya sa Yaya ya ɗauko allon filawud, fallen katakon nan marar kauri. Suka ɗora pata a kai, suka zagaye ta da fensir, Yaya ya yanke tagar da zarto, suka kafa wani siririn katako a gefe don ya kama bakin ƙyaure kada allon ya zame. Aka gwada a guntun falanki. Wannan karon injin ya bi bangon tagar sumul, kamar akuya a turke. Muka yi ta murna. Da aka kawo pata, sai ta ƙi shiga. Gurbin ya yi mata kaɗan ta kowane gefe.

Baba ya kifa injin ya duba cikinsa. Akwai wani zobe kewaye da haƙorin da ke cin katako, shi ke gogar bangon tagar, haƙorin kuwa yana daga ciki. "Zoben nan ya ci nasa rabon," ya ce. Aka faɗaɗa tagar daidai kaurinsa. Pata ta kwanta a gurbinta har farce ba ya samun wurin shiga.

Ana cikin haka muka ji sallama. Kaka ce, ta biyo motar masu kawo awaki kasuwa, ba ta gaya wa kowa ba. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Lajawa gida-gida. Baba ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika kallonsa ba. Sai ta fuskanci Yaya.

"Kai maigida, mene ne wannan mai ihu?"

"Amarya, ƙofarki za mu yi wa kwalliya."

"Gaya wa wancan, in ya ɓata mini itace, motar awaki tana jirana."

Ta zauna kusa da ni. Aka kwantar da ƙyauren a gefensa, aka ɗaure allon da ƙarfen matsi. Yaya ya yi bisimilla ya kunna. Jan garin katako ya tashi ya sauka a kan lallena, a kan gyalen Kaka. Na ji ta kama yatsuna ta matse. Da injin ya yi shiru aka ɗaga allon, gurbi ya fito fes. Ta sake ni, ta ce wai zafi ne ya dame ta.

Bayan an sauko daga masallaci aka koma kan kuba. Ita rami take so mai zurfi a cikin kaurin ƙyauren, kuskure kaɗan haƙorin ya ɓullo ta fuska. Baba ya sa aka yi wani allon mai ƙafa biyu, ya hau bakin ƙyauren kamar sirdi, tagar a tsakiya cif. "Kaɗan-kaɗan," yake ta cewa, hannun ɗorin a ƙirji. "Kada ka haɗiye shi a loma ɗaya." Yaya yana sauke haƙorin a hankali, Umma tana hure garin da mafici.

Kafin magariba ƙyauren ya tsaya. Kaka ta tura shi da yatsa ɗaya, ya tafi ba ƙara. Ta murza makulli, ta buɗe, ta sake murzawa. Ta shafa katakon daga sama har inda hannunta ya kai.

"Ba laifi," ta gaya wa bango. "A je a kwaso mini tukwanena."

Allunan nan biyu suna rataye a shagon Baba har yau, sun yi baƙi don hannu. Umma tana kiransu salatif ɗin maza.

Sai da na gama jami'a, muna tsince shinkafa da Gwaggo, ƙanwar Baba, zance ya biyo ta kan ƙyauren. Ta dube ni da mamaki, ta ce ashe ba mu sani ba. A gindin maɗacin nan aka binne cibiyar Baba.