Yadda Na Buɗe Wa Ɓarayi Hotunan Matan Unguwarmu

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan fili, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto nawa ba. Ina roƙon a sakaya sunana, ko da yake na san duk wadda take Anguwan Rogo a garin Jos a lokacin za ta gane ni tun kafin ta kai ƙarshe.

A wancan lokacin ni mai ɗaukar hoto ce. Ina da aure da 'ya'ya, maigidana yana sana'ar katako a kasuwar Katako, ni kuma ina da ɗan shago a bakin layinmu. Da waya na fara, ina ɗaukar ƙawaye a wurin biki don sha'awa, har Allah ya hore mini na sayi kyamara da kwamfuta. Abin da ya ɗaga ni ba gwaninta ba ce kawai, kasancewata mace ce. Akwai wuraren da namiji ba ya shiga, kamar kamu da sa lalle da zaman mata ranar suna, inda ake rufe ƙofa a ajiye mayafi a yi rawa a yi dariya. Magidantan da ba sa yarda a ɗauki matansu hoto sukan ce in dai ni ce, ba komai. Ta hannun wata ƙawata Kirista da ke Gada Biyu, mai ƙawata wurin biki, na samu shiga bukukuwan matan coci su ma. Duk abin da na ɗauka yana cikin kwamfuta ɗaya, kowane biki da foldarsa, na rubuta sunan mai bikin da lambar wayarta a kai don kada in rikice. A ganina tsari ne mai kyau.

Manhajar da nake gyara hotuna da ita, wani mai gyaran kwamfuta ne ya sa mini a kasuwa. Na san ba ta hanyar da ta dace aka samo ta ba, amma kusan kowa a sana'ar haka yake yi, ban taɓa sa abin a raina ba. Sai wata rana da damina, ana ruwa kamar ba za a daina ba, wani mutum ya kira ni da Turanci mai santsi. Ya ce daga kamfanin da ya ƙera manhajar yake, wai na'urorinsu sun nuna musu ina amfani da ta sata, kuma ta shigo mini da cutar da za ta cinye duk abin da ke cikin kwamfutar. Na kashe wayar. Ya sake kira bayan kwana biyu, ban ɗauka ba. Amma maganar ta zauna mini, domin rabinta gaskiya ce, kuma duk lokacin da kwamfutar ta ɗan yi nauyi sai in ce ga shi nan an fara.

Wadda ta kama ni mace ce, kuma da Hausa ta yi mini magana. Ta kira ni Hajiya, ta gaishe ni da aiki, ta tambayi yara, ta ambaci sunan shagona. A lokacin na ɗauka sanin sunan shagon shaida ce, na manta yana rubuce a allon bakin titi da shafina na sada zumunta tare da lambata. Ta ce abokin aikinta ya tsorata ni ne a banza, su ba kama kowa za su yi ba, ƙananan masu sana'a irina taimaka musu suke yi su koma kan ta gaskiya kyauta. Sai dai ta ce in ba a gyara kafin ƙarshen mako ba, hotunan za su goge, su ma ba za su iya dawo da su ba. Ina da aikin bukukuwa da ban gama ba, amare suna ta kira. Ban gaya wa maigida ba, saboda tun farko bai cika son sana'ar ba, haƙuri kawai ya yi, ina tsoron in ya ji batun manhajar sata ya ce a rufe shagon.

Na zauna a gaban kwamfutar, waya a kunne, tana gaya mini inda zan danna ina dannawa. Ta sa na sauke wani abu, wasu lambobi suka fito, ta ce in karanto mata. Ina gama karantawa sai na ga 'yar kibiyar nan ta allon tana yawo da kanta, hannuna ba ya kai. Na ce mata abin ya ba ni tsoro, ta yi dariya ta ce injiniyansu ne yake aiki, in kwantar da hankalina. Muka yi ta hira, tana tambayata ko har yanzu sanyin Jos yana nan, wai ta taɓa zama a nan tana yarinya. Ta ce in bar kwamfutar a kunne har gobe, kada in taɓa. Har kuɗin man janareta na kashe don kada wuta ta katse musu aiki. Da za mu rabu na yi mata godiya, na ce Allah ya saka da alheri.

Shiru ya biyo baya, har na saki jiki. Ranar da abin ya fashe ina tsakar gida ina fere dankali, saƙo ya shigo wayata. Hoton wata matar aure ce da na ɗauka a wurin kamu, tana tsakiyar rawa, ba ɗankwali ba mayafi. Nan take aka kira, muryar namiji, babu gaisuwa. Ya ce duk hotunana suna hannunsu, in ban tura abin da suka ce ba za su watsa su duniya ta gani, kuma sun iya sauya hoto ya zama abin da ba a so a gani. Na tura musu abin da nake da shi a ranar, ina ganin shi ke nan. Ba a yi mako ba suka dawo. Na sayar da 'yan kunnena na tura. Da suka ga na ƙare, sai suka koma kan lambobin da na rubuta a jikin foldojin, suka fara kiran matan ɗaya bayan ɗaya.

Wadda ta fara zuwa shagona wata dattijuwa ce da nake girmamawa kamar uwa, ni na ɗauki bikin duk 'ya'yanta mata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a benci, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, nawa suka ba ki?" Ashe ita a tunaninta sayar da hotunan na yi. Na durƙusa a gabanta ina rantsuwa ina kuka, ina ƙoƙarin bayyana mata yadda mutum zai shiga kwamfuta daga nesa, amma na ga maganar ba ta shiga. Ta tashi ta gyara mayafinta, ta ce ita dai ta san a cikin ɗakinta ta bar ni na shiga, ba ta bar wani kamfani ba.

A ranar na gaya wa maigida. Ya dawo daga Katako, garin katako duk a hularsa da kafaɗarsa, ko ruwa bai sha ba na zayyana masa komai. Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya tambaye ni gida nawa abin ya shafa. Na ce ban sani ba, suna da yawa. Ya ce to gobe in shirya da wuri, gara su ji daga bakinmu kafin su ji daga bakin ɓarawo. Mun fara da ofishin 'yan sanda, suka ɗauki bayani, suka ce kada mu ƙara tura ko sisi, amma suka gaya mana gaskiya cewa masu irin wannan aiki kullum sauya layi suke yi, kama su sai an dace.

Edita, wannan yawon shi ne abin da ya fi gajiyar da ni a rayuwata. Kullum da safe mu hau keke mai ƙafa uku, ya bar rumfarsa a hannun maƙwabci. In mun isa gida shi ya tsaya a waje da maigidan, ni in shiga ciki in maimaita labari ɗaya, har na haddace inda zan fara da inda muryata za ta karye. Wasu sun ce ƙaddara ce, suka ba ni ruwa. Wasu sun bar ni tsaye a tsakar gida. Wata ta ce in fita kafin ta yi abin da za ta yi nadama. Ina jiyo muryar mijina ta katanga yana ba wa sa'anninsa haƙuri a kan laifin da ba shi ya yi ba, mutumin da ko rance ba ya iya roƙa. In mun dawo ba mai iya cin abinci. Wayata kuwa ba ta daina ƙara ba, ko su ne da sabuwar lamba, ko wata ce tana kuka an kira ta.

Na fi jin tsoron zuwa Gada Biyu, don na ɗauka abin zai koma wata magana daban, a ce da gangan na yi wa matan coci. Da labari ya kai wa ƙawata, ba ta bari ma na je ba, ita ta hau keke ta zo har gidanmu, unguwar da ba ta saba shiga ita kaɗai ba. Ta same ni kwance, ta ɗaga ni zaune ta ce, da irin Hausarta, "Tashi, kada ka mutu a kan wannan. Mutanen nan tsoro ne suna sayarwa. In kowa ya sani, wa zai saya?" Ashe tun ranar Lahadi ta tashi a taron zumuntar matan cocinsu ta faɗi komai, ta ce duk wadda aka kira ta gaya wa mijinta a take, kada ta biya, kada ta ɓoye. Shawararta na kai wa malamar Islamiyyarmu, ita ma ta sanar a aji, mazan kuma aka yi musu bayani a masallaci. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma daga nan barazanar ta fara rage kaifi.

Sai dai sanarwar ba ta riski kowa a kan lokaci ba. Akwai wata yarinya sabuwar aure, mijinta yana aiki a kudu. Da aka kira ta tsoro ya hana ta gaya wa kowa, ba ta kuma da abin biya. Suka sauya hotonta suka haɗa ta da wani namiji, suka tura wa ɗaya lambar da ke kan foldar bikinta, wadda ta yayar mijin ce. Kafin labari ya zo mini an riga an ce ta tafi gida. Na kwashi hoton na asali na yi ta zarya tsakanin gidan iyayenta da na surukanta, ina nuna musu labulen ɗakin da hannun ƙawarta da aka goge. Watanni aka yi kafin manya su daidaita ta koma. Da na je yi mata barka, ta rame har ban so in kalle ta ba. Ta ce, "Anti, na yafe miki. Amma don Allah kada ki ƙara zuwa gidan nan." Ban ga laifinta ba, ban kuma ƙara zuwa ba.

Kiran ya yi ta raguwa har ya tsaya, ba don an kama kowa ba, sai don sun ga babu sauran abin samu. Mai gyara ya wanke kwamfutar gaba ɗaya, shi ne ma ya gaya mini cewa irin waɗannan kamfanoni ba sa kiran mutum a waya su ce za su gyara masa na'ura. Ban rufe shagon ba, amma yanzu hoton fasfo nake ɗauka da na 'yan makaranta. Ba wadda ta sake kirana kamu, ni ma ko an kira ni ba na jin zan iya. Hotunan kuma har yau suna hannun mutanen da ban san fuskarsu ba, ba ni da hanyar karɓo su, kuma da wannan sanin nake kwana nake tashi.

Abin da na fahimta bayan duk wannan shi ne, ba wayonsu ne ya ci ni ba, ɓoyon da na yi ne. Ina da ɗan abin da nake jin kunyarsa, suka dafa daidai wurin, na gwammace in saurari baƙuwar murya da in tambayi mijina ko mai gyaran da ke kasuwa. Da na buɗe baki na tambayi mutum ɗaya a ranar, da magana ta ƙare a nan. Ina kira ga 'yan'uwa, musamman masu riƙe da sirrin mutane a waya ko kwamfuta, masu hoto da masu buga takardu da teloli masu ajiye hotunan kwastomomi, ku sani abin da ke ciki ba naku ba ne, amana ce. Duk wanda ya kira ya ce daga kamfani yake, ya ce a yi sauri, ya ce a karanto masa lamba, ku kashe wayar ko da yana tsakiyar gaisuwa, sannan ku gaya wa wani na kusa. Kada ku ji nauyin katse shi. Ni na ji nauyi, na amsa gaisuwa, na saurara har ƙarshe, kuma matan da ba su san an yi kiran ba su ne suka ɗanɗana kuɗarsu.