Jirgin da ke cikin katin Kaka

Kafin wani ya riga ni faɗa: ni ne wawan wannan labari, kuma da furfurata na yi wautar.

Ƙanshin sabon yadi ne ya jawo. Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik na sauka Guangzhou sarin kaya, aka farke dila a gabana a kasuwar Sanyuanli, sai ƙanshin ya mayar da ni zauren kakanmu.

Kaka dillalin yadi ne. Wata damina ya tsinci katin hoto a cikin dila: titi fetal, benaye, mutane da laima, ga wani jirgin ƙasa mai hawa biyu yana ratsa tsakiyar gari, sandar kansa tana lasar waya. Kaka ya ce birnin Sin ne. Sai ya miƙa wa taubashina, ɗan gwaggo, wai don yana kwance da ƙyanda. Ni da nake wanke masa buta, ko kallona bai yi ba. Jama'a, sai da na roƙi Allah ƙyanda. Ba ta zo ba.

Da ɗan banzan ya warke, ba ya nuna mini katin sai na ba shi rabin ƙuliƙulina, kuma a hannunsa zan gani. Wai shi ne direba, ni ko ɗan kamasho ban kai ba.

To yau ga ni a Sin, shi kuwa ko Zariya sai da dalili. Na rantse sai na hau jirgin nan an ɗauke ni hoto. Na zana shi a bayan kwali da ilimina na aji uku, na bi kasuwannin Shahe da Canaan ina nunawa. Kowane laoban, wato mai shago, ya duba ya ce “meyo”, babu. Wani ya kai ni jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wani Bamaraɗe ya ce, “Alhaji, wannan kaza ce ko mota?”

Da na gaji na kira taubashin nawa, na sassauta murya, na ce ya duba bayan katin ya karanto mini sunan unguwar.

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Wane kati? Ai tun kafin a yi mana kaciya akuyar Gwaggo ta cinye shi. Kowa ya sauka daga jirgin nan tuntuni, tsoho, kai kaɗai ka ƙi sauka.”